Tsumman Atamfa a Titin Abbey Wood

Ku 'ya'yana, tun kuna ƙanana kuke ganin takardar nan mai tambarin zinariya a rataye a falo. Duk baƙon da ya shigo sai na san yadda na yi na karkato da hira har ta kai kanta, kuna can bayan labule kuna yi mini dariya, kada ku ɗauka ban sani ba. Kun ji mutanen ma'aikata suna ce mini Sarkin Dashe. Kun ji ana cewa ni na kawo salon ɗaurin da ake yi wa ƙananan bishiyoyin bakin titi, wanda ba ya barin iskar farkon damina ta karya su. To, yau zan gaya muku yadda abin yake, domin na tsufa, Innarku kuma ta riga ni tafiya. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ɗauki waya ya dame ni da tambaya, kun dai san halina.

A shekarun nan da kuɗin mai ya buɗe, gwamnati tura mutane waje take yi kamar ana rabon goro. Wannan likita, wancan lauya, wancan injiniya. Ni ina ma'aikatar gandun daji ina rainon dashe a bayan gari, sai ga takarda wai an zaɓe ni in je Ingila in koyi kula da bishiyoyin cikin gari. Shekara guda a aji, sauran a bakin aiki tare da wani kamfanin shuka da datsa. Sharaɗin a fili yake: shugaban leburorin da aka haɗa ka da shi zai rubuta rahoto a kanka, in rahoton bai yi kyau ba babu satifiket, ka tattara ka koma gida hannu rabbana. Mahaifina kuwa sai da ya tara unguwa aka yi mini addu'a kafin in hau jirgi, ku duba da wane ido zan kalle shi in na dawo haka. Duk sanda na je ofishin da ke kula da ɗalibanmu wajen Charing Cross, sai in tarar da samari cikin kwat sun sha turare, su tare ni da tsiya.

"Lawal, duk faɗin Ingila ba ka sami abin koyo ba sai hawan bishiya? Ai da ka zauna a gida birai sun koya maka kyauta."

Ina yi musu dariya, amma wallahi abin yana cina. Na ƙudurta a raina sai na nuna wa kowa cewa nawa ma ilimi ne, ilimin littafi, ba na ƙauye ba.

Innarku Binta ta biyo ni bayan wata shida. A can Landan ta haifi yayarku, shi ya sa har yau ake ce mata 'Yar Landan. Muka kama ɗaki biyu a saman wani gida a Abbey Wood, dab da inda ake gina sababbin gidaje a kan wata tsohuwar fadama ta bakin kogi. Wurin fili ne fetal, iska tana tasowa daga ruwa ba abin da ke tare ta, in ka fito da safe sai ta nemi ta cire maka hula. Binta ba ta yi boko ba, allo ta yi. Mahaifinta, Malam Ɗanjuma, lambu gare shi a bakin kogin Wudil, mangwaro da gwaba da lemo, a ciki ta tashi tana bin sa da butar ban ruwa. A Landan ba ta yarda da keken tura yara ba, goyo take yi ta ɗora kwat a kai, Turawa suna waiwaye, ita ko a jikinta. Ran Asabar mu hau bas mu je kasuwar Lewisham neman barkono da kuɓewa, ta tsaya tana taya da hannu har mai kayan ya gaji ya rage mata. Mace ce mai sanyin magana, amma idonta ba ya wuce abu. Ni kuwa, kun sani, bakina yana riga hankalina isa wuri.

Shugaban da aka haɗa ni da shi sunansa Mista Burke, wani gajeren tsoho ɗan ƙasar Ayalan. Kullum da lofe a bakinsa, sau da yawa ma ba wuta a ciki, don haka Innarku ta sa masa Mai Lofe. Ban taɓa ganin mutumin da ya san bishiya kamarsa ba. Ya haura sittin amma in ya ɗaura igiya ya hau, sai ka riƙe baki. Zai zagaya babbar bishiya sau biyu, ya dafa ta, ya ɗaga kai, ya nuna maka reshen da zai faɗo bana da wanda zai kai baɗi. Shi ya koya mini rage wa bishiya kai yadda iska za ta sami hanyar wucewa ta tsakanin rassa, ba tare da an yi mata askin ƙwal-kwabo ba. Ba ya faɗa, ba ya yabo. In ka yi daidai ya ce hmm, in ka yi shirme ma ya ce hmm, kai za ka gane bambancin.

Da sanyi ya fara ja baya, kamfani ya sami aikin dasa bishiyoyi a wani sabon titi da ke bayan gidanmu, sittin cif, talatin dama talatin hagu, irin mai sauya ɓawon nan da ta cika titunan Landan. Mista Burke ya ce titin nawa ne, a kansa zai rubuta rahotona. Kwana biyu da faɗin haka ciwon baya ya kwantar da shi, aka bar ni da leburori ni ne oga. Tabɗi! Kaina ya yi girma. Littafi ya ce a kafa wa dashe turke a ɗaure shi da roba don kada iska ta tumɓuke shi. Ni sai na ce ai in ɗaya ya yi kyau, uku sun fi. Na sa aka kafa dogayen turaka har wuyan bishiya, na ɗaure kowacce wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, na ja tamau. Da muka gama sai ga su a jere kamar sojoji, iskar kogi tana bugawa ko gezau. Ran Lahadi na ce wa Innarku ta ɗauko goyo ta zo ta ga aiki. Yabo nake nema, ba sai na ɓoye ba. Ta yi tafiya a hankali, ta sa yatsa tana neman ya shiga tsakanin roba da ɓawo, bai shiga ba.

"Malam, waɗannan laifin me suka yi?"

"Wane irin laifi kuma?"

"Na ga an ɗaure su kamar an kama ɓarayi a kasuwa."

"Iska ake tsare musu. Ba kya jin yadda take bugawa?"

"Ina ji. Amma Baba ba ya ɗaure dashe sama da gwiwa, kuma sakwa-sakwa yake yi da igiyar rama. Ya ce a bar iska ta riƙa kaɗa shi, kaɗawar ce ke sa saiwa ta kama ƙasa, gindi ya yi kauri. Wannan in babbar iska ta zo, kai zai tafi, jiki ba zai iya bi ba. Nan wurin robar sama zai ɓalle."

Raina ya ɓaci nan take. Abin da na gaya mata ina jin kunyar rubuta shi, amma na yi alkawarin ba zan rage komai ba. Na ce mata Wudil daban Ingila daban. Na ce jirgin sama gwamnati ta sa ni na zo na koyi abin nan, ba a gindin gwaba na tsince shi ba. Na ce wadda ba ta iya karanta lambar bas ba, ba ita za ta gyara wa littafin Turawa zama ba. Ta gyara goyonta, ta dube ni sau ɗaya.

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam."

Shi ke nan abin da ta ce, muka koma gida.

Da zafi ya shigo aka mai da ni wani aikin can nesa, sare manyan bishiyoyin da cuta ta kashe. Ina fita da sassafe ta hanyar tashar jirgin ƙasa, in dawo a gajiye, wata da watanni ban leƙa titina ba. Me zan leƙa? A ganina na gama da shi. Ita kuwa Innarku ta nan take bi duk sanda za ta kai yarinya awo ko za ta sayo madara. Sai wata Juma'a, ganye ya fara ja amma bai zuba ba, Mista Burke ya dawo aiki yana dogara sanda. Ya ce in shigo mota mu je mu duba titin, domin ran Talata manajan kamfani zai zo ya karɓi aiki. Muka sha kwana muka shiga titin. Layin dama yana nan yadda na bar shi. Layin hagu kuwa, duk talatin ɗin, an yanke robar sama da ta tsakiya, an kwance ta ƙasa, an ɗaure kowacce daidai gwiwa da tsumma, har da ƙulli a tsakani don kada bishiya ta gogi turke. Suna ta rangaji a iska abinsu. Tsumman kuwa ba sai an gaya mini ba: atamfa ce shuɗiya mai zanen tsuntsaye rawaya, ta cikin lefen Innarku, gwaggona ce ta zaɓe ta da kanta. Mista Burke ya durƙusa da ƙyar ya shafa ƙullin.

"Lawal, wa ya yi wannan?"

"Yaran unguwa ne, ranka ya daɗe. Ka san ba sa jin magana."

"Hmm." Ya juya lofensa. "Yaran unguwar nan sun iya ƙulli."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce titin nawa ne, in mai da shi yadda nake ganin daidai kafin Talata. An riga an rufe sito, sai Litinin zan sami sababbin robobi.

Ranar na hau bene uku-uku. Na tarar tana tuƙa tuwon shinkafa, na fara tun daga bakin ƙofa. Na ce ta kashe ni. Na ce kayan kamfani ne ta sa wa wuƙa, a ƙasar da ake kama mutum a kan ya taka ciyawa. Na ce in aka kore ni ita za ta tsaya gaban mahaifina ta yi bayani. Ta bar ni har na gaji, sannan ta sauke muciya.

"Robar ta fara cin jikinsu, Malam. Ɓawon ya dare yana ruwa. Kullum sai na wuce su, na kasa ɗauke ido. Guda ɗaya na ce bari in sassauta wa."

"Ɗaya! Talatin ne ɗaya?"

"Zanen ne ya ƙare. Da na yi ɗaya gefen ma."

Kun ji fa! Ina tafasa tana ba ni labarin zane ya ƙare. Na ƙaurace wa tuwon, na ci burodi da shayi don ta ji haushi. Ba ta ji ba, ta rufe mini nawa ta ajiye.

Ran Lahadi da hantsi iska ta taso. Na ga hadarin farkon damina a gida iri-iri, amma wannan daban ce, ba tsawa ba walƙiya, sai wani gurnani da ba ya yankewa. Murafen kwandon shara suna yawo a sama, fale-falen rufi suna faɗowa suna tarwatsewa, shingen maƙwabcinmu ya kwanta gaba ɗaya. Tagarmu tana karkarwa. Innarku ta rungume yarinya a tsakiyar ɗaki tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Ni ina tsaye bakin taga, ba ta raina nake yi ba, ta titina nake yi. A zuciyata na gama ganin layin hagu a ƙasa warwas, na gama ganin kaina a filin jirgin Kano da akwati ba takarda. Har na juyo na ce mata, kin gani ko, kin ga abin da kika jawo mana. Ta ci gaba da addu'arta.

Bayan la'asar iskar ta lafa, na zura takalmin aiki na fita da gudu. Abin da na gani har yau in na rufe ido ina ganinsa. Layin dama, layina, na ilimin littafi, mafi yawansu sun ɓalle daidai wurin robar sama, kamar an karya rake a gwiwa. Turakan suna tsaye ƙyam da guntayen jiki ɗaure a jikinsu, kawunan kuwa suna watse a kan kwalta. Layin hagu ganye ya zube, wasu sun karkace, guda ɗaya ta kwanta saiwarta a waje, amma babu wadda ta karye. Tsumman atamfa ya jiƙe sharkaf yana nan riƙe da su. Na zauna a bakin kwalbati. Daidai inda ta sa yatsa ta nuna mini, nan suka ɓalle, ko ɗani ɗaya ba ta kuskure ba.

Ran Talata manaja ya zo, wani dogo mai tabarau. Ya bi layin dama yana girgiza kai, na ce shi ke nan tawa ta ƙare. Da ya tsallaka hagu sai ya tsaya, ya kama wata ya girgiza, ya duba tsumman.

"Wannan fa? Ban taɓa ganin irinsa ba."

"Dabara ce ta ƙasarmu, yallaɓai," na ce. Har nan ban yi ƙarya ba.

"Wato raba titin ka yi gida biyu don ka gwada wanne ya fi?"

Mista Burke yana gefe yana ƙwanƙwasa lofe a tafin hannunsa, yana kallona. Kalma huɗu kawai ake nema a bakina: matata ce ta yi. Amma na tuna samarin Charing Cross, na ji dariyar da za su yi in labari ya kai musu cewa matar Lawal da ba ta san bihim ba ita ta ceci aikinsa. Na tuna ƙaryar yaran unguwa da na riga na shara. Na buɗe baki.

"E, yallaɓai. Gwaji na yi."

Manaja ya ce tunani ne mai kyau, sai dai gwajin ya yi tsada. Ya ce ba za a sayi sababbi ba, in na iya tayar da waɗanda suka karye to, rahotona ya jira a ga yadda za su yi. Mista Burke ya ce hmm. Wannan hmm ɗin na gane irinsa sarai.

To, littafina bai ce komai ba a kan dashen da ya rasa kai, in ban da a tumɓuke a sake. Mista Burke kuwa ya ƙi sa baki, ya ce mai gwaji ai ya san abin da yake yi. Dole na koma inda na raina. Amma girman kai bai bar ni na tambaya kai tsaye ba. Muna cin abinci sai na yi kamar hira ce ta kawo.

"Wai ni a Wudil, in guguwa ta karya ƙaramin mangwaro, yaya Malam yake yi da shi?"

Ita ma sai ta amsa kamar hira ce, tana ba yarinya kunu ba ta ko ɗago ba.

"Ba ya barin tsagewar, ruwa zai shiga ta ruɓe. Ƙasa da ita kaɗan yake yankewa, a karkace, da wuƙa mai kaifi, sara ɗaya. Sai ya ƙyale shi. In lokacin toho ya yi zai fito da 'ya'ya da yawa, kada a yi gaggawa. A bari su yi tsawon hannu, a zaɓi wanda ya fi miƙewa, a cire sauran. Shi zai zama sabon kai. Turken kuma a rage masa tsawo."

Ku lura, 'ya'yana. Ta san abin da ya faru a titin, da idonta ta gani. Tana da damar ta ce ai na gaya maka, ko sau ɗaya. Wallahi har ta koma ga Allah ban ji wannan kalmar a bakinta ba. Ni da a ce ni ne, da har jikoki sai sun haddace labarin.

Na bi abin da ta faɗa ɗaya bayan ɗaya. Na yanke, na datse turakan zuwa gwiwa, na sake ɗauri sakwa-sakwa, na tayar da wadda ta kwanta na danne saiwarta da ƙasa. Duk tsawon sanyin nan ina wuce su suna tsaye kamar sandunan makafi. Da yanayi ya juya sai ga toho ja-ja yana fitowa. 'Yan kaɗan ba su tashi ba, amma sauran suka yi sabon kai, na zaɓi na zaɓa na cire na cirewa. Mista Burke ya rubuta rahoto mai kyau, aka ba ni takardar da kuka sani. Ranar da na je yi masa sallama a sito, ya jawo wani abu a naɗe cikin takarda ruwan ƙasa ya miƙo mini. Wuƙar datsa ce tasa ta kansa, mai lanƙwasasshen baki, ƙotarta ta yi sumul don riƙo. Na fara godiya, ya ɗaga hannu.

"Ba taka ba ce. Ta matarka ce. Lokacin da nake jinya likita ya ce in riƙa tattaki, sau uku ina ganinta a titin nan da yarinya a baya. Da wuƙar yanka albasa take aikin, abin ya dame ni. Ka ce mata Burke ya ce tun yana saurayi yake wannan sana'a, bai ga hannu irin nata ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ya dafa kafaɗata ya ce rahoton da ya rubuta ba ƙarya ba ne, domin na iya sauraro, ko da yake sai na makara nake yi.

A cikin bas na shirya maganar da zan yi mata tsaf. Da na iso bakin ƙofa sai na tuna in na ba ta wuƙar, dole in faɗi yadda aka yi, dole ta ji cewa a gaban manaja na ce aikinta nawa ne. Na ce bari sai gobe. Ana ta haɗa kaya, na tura wuƙar can ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin takardu. Muka dawo gida, aka ƙara mini girma, aka ba ni dashen titunan gari. Duk inda na je ina koya wa ma'aikata ɗauri daidai gwiwa, sakwa-sakwa, da rage kai kafin damina, da yadda ake tayar da wadda ta karye. Suna ya fita. Manyan mutane suna zuwa falon nan suna yaba mini, Innarku tana aiko musu da fura da soyayyen nama. Goben nan da na ce, ita ce ba ta zo ba. Da farko kunya ce, daga baya abin ya yi nisa har na ga in na tayar da shi yanzu zai zama wani iri. Haka na yi ta lallaɓa kaina shekara da shekaru. Bishiyoyin gidan nan kuwa, mangwaron tsakar gida da gwabar bayan kicin, ita ke kula da su, kuma duk guguwar da ta kwashe rufin maƙwabta ba ta taɓa karya mana reshen kirki ba. Ina ganin yankan da take yi musu, sumul, sara ɗaya, ban taɓa tambayar da me take yi ba.

Bayan rasuwarta da 'yan makonni ina neman takardun gida, na buɗe akwatin ƙarfen. Wuƙar tana nan inda na sa ta, amma ba cikin takardar Mista Burke ba. A naɗe take cikin wani ɗan ƙyalle shuɗi mai tsuntsaye rawaya, bakin zanen nan da ya rage. Na warware. Bakinta ya sirance don wasawa, tana ƙanshin man gyaɗa, ga ƙaron mangwaro ya bushe a gindin ƙota. Na ƙwala wa yayarku kira, ta shigo ta gan ta a hannuna.

"Baba, ai wuƙar Inna ce."

"Wa ya ce miki tata ce?"

"Ina aji uku ta ba ni takardar da aka naɗe ta in karanta mata. An rubuta, zuwa ga matar Lawal. Tun daga nan duk shekara kafin damina, in ka tafi ofis sai ta ɗauko ta yi wa bishiyoyi gyara, ta goge ta mayar kafin ka dawo. Na ce mata, Inna, tunda taki ce me ya sa kike mayarwa? Ta ce in yi shiru, Babanki ne ya ajiye mini, ranar da ya shirya zai ba ni."

Na ce mata ta fita ta ja mini ƙofa. Ban yi kuka a gaban mutane ranar jana'iza ba, kun shaida, amma ranar nan na yi har muryata ta dishe. Duk tsawon shekarun nan tana jira in miƙa mata abin da yake hannunta, ni kuma ina falo ina nuna wa baƙi takarda.

Yayarku gefe ɗaya ta sani, yanzu kun ji sauran. Duk bishiyar da kuka wuce a titunan garin nan kuka ji an ce Lawal ne ya dasa, to ku sani hannuna ne ya haƙa ramin, amma abin da ya tsayar da ita daga lambun Wudil ya fito, Binta ce ta kawo shi, ta yaga zanen lefenta a kai. Ku gaya wa 'ya'yanku haka, kuma ku sa ta a addu'a ita da Malam Ɗanjuma. Jiya na sa Auta ya hau kujera ya sauke takardar, na sa ta a akwatin ƙarfe, a ƙasa. A jikin ƙusar na rataye wuƙar da ƙyallenta. Yau da safe wani tsohon abokin aikina ya zo gaisuwa, ya ɗaga kai ya ce, Sarkin Dashe, wannan kuma ta mece ce? Na ce masa ta Binta ce, gyara zama ka ji.